Mudun Ranau

A gindin tsamiyar nan kakana Ranau
yake yanka jan zakara kafin a kai iri gona.
Ban riske shi ba.
Na dai ga sawun wuƙa a jikin saiwa,
na kuma gaji mudunsa na icen maɗaci,
wanda hannuwa suka lashe wa baki har yana sheƙi.

'Ya'yansa biyu sun raba hanya, ba su raba gandu ba.
Ubana ya bi wani mai fataucin kanwa daga Ringim,
ya koyi alwala da furfura a gemu.
Baffa Tunau ya tafi jinyar ƙafa Yadakunya,
ya dawo da sanda, da littafi, da waƙoƙin Lahadi.
Masallaci a gabas, majami'a a yamma,
ƙasar kududdufi ɗaya aka kwaɓa musu,
gayya ɗaya ta ɗora azara.

Bara, cikin malka, kogi ya manta gaɓarsa.
Ya shigo mana da tsakar dare ba sallama.
Gero ya ruɓe a tsaye,
rumbuna suka durƙusa kamar raƙuma,
ɗakunan ibadar nan biyu suka koma taɓon da suka fito.
Kwana goma sha tara muna firamare,
ana tari a aji uku, ana haihuwa a aji biyar.

Sai ga mota daga Dutse, buhu arba'in da takarda.
Yaron kansila ya hau benci yana kira.
Ya kira Bawa, wanda muka binne shekara uku.
Ya kira 'ya'yan dillali da ke zaune a birni.
Ni ma ya kira ni, har sau biyu,
kuma wallahi sau biyun na amsa.
Bai kira Marka ba, mai marayu huɗu.
Bai kira Cindo gyartai ba.
Mutanen ruga kuwa ko kallon inda suke bai yi ba.

Ladan Hakurau, mutumin da bai iya faɗa ba,
wanda akuya ke ci masa danga yana ba ta haƙuri,
shi ya ja buhunsa a ƙasa har gindin tsamiya,
ya zare wuƙa ya farke bakin.
Ya ce, "Ruwan da ya zo, takarda ya karanta?"
Bai ƙara ba.
Dattijo Ishaya ya tafi ya kinkimo nasa.

Ni na tsaya.
Na tuna 'ya'yana mata, na tuna rani da tsawonsa,
na lissafa buhu biyu zuwa watan azumi.
Kunya ce ta tura ni, ba zan ce imani ba.
Na kai ɗaya. Na koma. Na daɗe. Na kai ɗayan.
Sannan aka ce, da me za a auna?
Na aika gida aka ɗauko mudun.

Ba kowa ya kawo ba.
Mai shago ya ɗora nasa a babur,
har yau muna gaisawa, sama-sama.

Marka aka ba ƙirge, don ita ba ta ɓata lissafi.
Tukunya-tukunya aka bi, har ruga,
tana faɗa da ƙarfi, muna maimaitawa,
ba wanda ya yi alwala, ba wanda ya buɗe littafi,
amma muryoyin sun hau sun sauka tare
irin yadda na san su a sahu,
irin yadda nake jiyo su ta yamma ran Lahadi.
Na rasa sunan da zan ba wannan yammacin.
Na tambayi liman, ya yi murmushi ya gyara rawani.

Yanzu ran Asabar muke buga tubali,
tunda Juma'a tamu ce, Lahadi tasu.
An yi musu kan wanda za a fara tayarwa,
ba a gama ba tukuna.
Mudun yana wurin Marka.
Ta ce in na matsu in zo in ara.